Karin maganar abota a harshen Kantonis

Karin maganar abota a harshen Kantonis su ne kalmomi da gajerun jimloli na hikima da masu jin wannan harshe suke amfani da su wajen bayyana aminci, riƙon amana da kuma cin amana tsakanin abokai. Ana jin su a lardin Guangdong da ke kudancin ƙasar Sin, da Hong Kong, da Macau, da kuma unguwannin Sinawa a ƙasashen waje. Yawancinsu maganar baka ce ta kasuwa da gidan shayi da fina-finai. Ba kasafai ake samun su a littattafan makaranta ba, domin daidaitaccen rubutun Sinanci an gina shi ne a kan Mandarin. Da yawa daga cikinsu an ɗauko su ne daga tukunya da kwano da abinci, wasu kuma daga tsoffin labaran jarumai. Sun shafi Hausawa ta hanyar kasuwanci, domin birnin Guangzhou, cibiyar harshen, yana cikin manyan wuraren da 'yan kasuwar Kano suke zuwa sarin kaya.

Harshen da yadda ake rubuta shi

Kantonis reshe ne na harsunan Yue, waɗanda masu jin su suka kai kimanin miliyan 80. Sunan ya fito ne daga Canton, yadda Turawa suka riƙa kiran Guangzhou tun zamanin da 'yan Fotugal suka fara zuwa yankin. Wanda ya ji Mandarin kawai ba zai fahimci hirar Kantonis ba sai ya koya. A ƙidayar da aka yi a Hong Kong a 2021, kusan kashi 88 cikin 100 na mazauna sun ce shi ne harshen da suka saba magana da shi.

Harshen yana da karin sauti shida, Mandarin kuma huɗu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda da karin sauti yake bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, sai dai a Kantonis abin ya fi yawa. Misalin da ya fi damun ɗan kasuwa shi ne maai5 (買), wato saya, da maai6 (賣), wato sayarwa. Lambar da ke ƙarshen kowace gaɓa ita ce alamar karin sautin, bisa tsarin Jyutping da ƙungiyar masana harshe ta Hong Kong ta fitar a 1993. A wannan tsari ana furta harafin j kamar y na Hausa, saboda haka jau5, aboki, a baki "yau" ne.

Matakan abota

Kalmar gama-gari ita ce pang4 jau5 (朋友), aboki. Ba ta da nauyi sosai, ana iya faɗa wa wanda aka sani jiya. Daga ita sai lou5 jau5 (老友), tsohon aboki, wanda aka daɗe tare. Idan aka ƙara mata gaɓa ɗaya ta zama lou5 jau5 gei3 (老友記), tana ɗauke da raha da sabo. Da wannan suna aka san shirin talabijin na Amurka mai suna Friends a Hong Kong, kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a a can sukan kira tsofaffi da shi don girmamawa cikin sakin fuska.

A ƙololuwa akwai sei2 dong2 (死黨). Gaɓar farko tana nufin mutuwa, ta biyu kuma ƙungiya ko ɓangare, wato wanda yake ɓangarenka har mutuwa. Shi ne amini, irin wanda Hausawa suke cewa "mutu ka raba, takalmin kaza". Wata kalmar mai irin wannan ma'ana ita ce lou5 sei2 (老死). Mai koyo zai lura cewa sei2 na mutuwa da sei3 na lamba huɗu karin sauti ne kawai ya raba su, kuma wannan ne ya sa Sinawa da yawa suke ƙyamar lambar huɗu a lambar gida da ta mota.

Aboki na jiki kuma akan ɗauke shi ɗan'uwa: hing1 dai6 (兄弟), wa da ƙane, ko sau2 zuk1 (手足), hannu da ƙafa, kusan abin da ake nufi da "ɗan'uwa rabin jiki". Waɗanda suka yi karatu ko koyon sana'a a wurin malami ɗaya suna kiran juna si1 hing1 da si1 dai6, gwargwadon wanda ya riga shiga, ba gwargwadon shekaru ba, kamar almajiran tsangaya ɗaya. Jackie Chan da Sammo Hung da Yuen Biao, waɗanda masu kallon fim ɗin Chanis suka sani, irin wannan zumunci ne a tsakaninsu, domin tun suna yara suka yi horo a makarantar wasan kwaikwayo ta Yu Jim-yuen a Hong Kong.

Tukunya, kwano da shayi

Mafi yawan maganganun da suke na Kantonis zalla, waɗanda ba a cika jin su a Mandarin ba, daga madafa suka fito. Saa1 bou1 hing1 dai6 (沙煲兄弟) na nufin 'yan'uwan tukunyar ƙasa. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne mutanen da talauci ya haɗa, suka riƙa dafa abinci a tukunya ɗaya suna ci tare. Ba a faɗar ta ga abokin da aka samu bayan an yi arziki. Makusanciyarta ita ce tung4 lou1 tung4 bou1 (同撈同煲), a nema tare a dafa tare, wadda ake faɗa wa abokan neman abinci, wani lokaci da ɗan zargin cewa ba a kan alheri kawai suke haɗuwa ba. Duk wanda ya tashi a gidan da yara suke zagaye kwano ɗaya na tuwo ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

Mutum biyu da ba a raba su ana cewa su tong4 ci1 dau2 (糖黐豆) ne, wato alewar da ta manne wa wake. Kishiyarta ita ce seoi2 kau1 jau4 (水溝油), ruwa da mai, waɗanda ko an zuba su wuri ɗaya ba sa gauraya. Sau da yawa akan haɗa su biyun a jimla ɗaya don yi wa abokai ko masoya ba'a: yau alewa da wake, gobe ruwa da mai. Hausa tana da nata biyun, "hanta da jini" ga masu shiri, da "ba sa ga maciji" ga waɗanda suka ɓata. Akwai kuma maa1 gung1 zai2 (孖公仔), tagwayen 'yan tsana, ga mutum biyu da kullum tare ake ganin su, da cing3 bat1 lei4 to4 (秤不離砣), sikeli ba ya rabuwa da dutsen awonsa. A Hausar birni ta yau, "tif da taya" ke nan.

Ko sabo ma da harshen girki ake auna shi. Suk6 (熟) na nufin dafaffe ko nunanne, kuma ita ce kalmar wanda aka saba da shi. Saang1 (生), ɗanye, shi ne baƙo. Saboda haka tsohon mai sayen kaya a kanti suk6 haak3 ne, dafaffen baƙo, kuma shi ake yi wa ragi.

Wurin da ake raya abota shi ne gidan shayi. Jam2 caa4 (飲茶), shan shayi, zama ne na safe ko hantsi da ake yi da ƙananan kwanukan abinci iri-iri, inda ake hira kuma ake ƙulla ciniki. Wanda aka zuba wa shayi yakan ƙwanƙwasa tebur da yatsu a matsayin godiya. Amma jimlar dak1 haan4 jam2 caa4 (得閒飲茶), in an samu sarari a sha shayi, galibi ba gayyata ba ce, sallama ce kawai, kamar yadda Bahaushe yake cewa "sai na zo" ba tare da ya sa rana ba. Gayyatar gaske ita ce wadda aka ambaci rana da wuri.

Halacci

Ginshiƙin duk waɗannan maganganu shi ne ji6 hei3 (義氣), abin da ya fi kusa da halacci: tsayawa ga aboki ko da za a yi asara. A ce mutum yana da ji6 hei3 babban yabo ne, a ce ba shi da shi kuma zagi ne mai ciwo. Hoton da kowane Basine yake da shi a kai shi ne rantsuwar 'yan'uwantaka da Liu Bei da Guan Yu da Zhang Fei suka yi a wani lambu, kamar yadda ya zo a littafin labarin Masarautu Uku da ake jingina wa Luo Guanzhong na ƙarni na 14. Mutanen uku sun rayu da gaske, Guan Yu ya mutu a wajen shekarar 220, amma labarin rantsuwar lambun na littafin ne. Har yau ana ganin mutum-mutumin Guan Yu mai jar fuska a kantuna da gidajen abinci na Hong Kong, kuma an san 'yan sanda da ƙungiyoyin asiri na masu laifi duka da girmama shi, kowa yana ganin nasa ne.

Daga wannan tunani aka samu loeng5 hip3 caap3 dou1 (兩脇插刀), a soke ni da wuƙa a haƙarƙari biyu saboda aboki, da kuma ngaa4 ci2 dong3 gam1 sai2 (牙齒當金使), haƙoransa zinariya ne, ga mutumin da maganarsa ɗaya ce, wanda ya san alkawari kaya ne. Paak3 ngaang6 dong3 (拍硬檔) roƙo ne da ake yi wa abokin aiki ya ba da haɗin kai a lokacin matsi. Fina-finan Hong Kong irin su A Better Tomorrow na John Woo a 1986 da Young and Dangerous a 1996 sun yaɗa irin waɗannan kalamai, har wasunsu suka koma kamar maganar 'yan daba. Baƙon da ya kwaso su daga fim ya zuba wa dattijon ɗan kasuwa, dariya zai ba shi.

Abotar mata

Mata suna da gam1 laan4 zi2 mui6 (金蘭姊妹), 'yan'uwa mata na rantsuwa. Kalmomin biyu na farko suna nufin zinariya da wata fure mai ƙamshi. Al'adar ta yi ƙarfi a gundumar Shunde da ke kudu da Guangzhou a ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da aikin siliki ya ba mata kuɗin kansu. Wasu suka ɗaure gashinsu da kansu irin na matan aure, suka yi alwashin ba za su yi aure ba, suka zauna tare suna kula da juna har tsufa. Da siliki ya faɗi a shekarun 1930, da yawansu suka tafi aikatau Hong Kong da Singafo.

Ƙawancen Hausa bai kai ga ƙin aure ba, hasali ma a biki da suna yake nuna kansa. Amma shi ma ƙulla shi ake yi, da musayar kyauta da hakkoki sanannu, kamar yadda Baba ta bayyana a littafin Baba of Karo da Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau, aka buga a 1954. Kuɗin da ake kai wa a bikin aure a Kantonis sunansa jan4 cing4 (人情), kalmar da kuma take nufin alherin da ake bin mutum bashinsa. Ana tunawa da abin da kowa ya kawo don a rama, daidai da gudummawar biki.

Ɓatawa da cin amana

Abokan banza su ne zyu1 pang4 gau2 jau5 (豬朋狗友), abokan alade da kare, wato abokan cin mushe. Zau2 juk6 pang4 jau5 (酒肉朋友), abokan giya da nama, su ne 'yan a bi yarima a sha kiɗa, waɗanda suke watsewa da zarar aljihu ya bushe.

Kwanon nan na abota shi ne kuma ake kifewa. Sik6 wun2 min2 faan2 wun2 dai2 (食碗面反碗底) na nufin ya ci abin da ke cikin kwano sannan ya kife shi, wato butulu. Gwo3 kiu4 cau1 baan2 (過橋抽板), ya haye gada ya zare katakon, ita ce an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Maci amanar da ke kai rahoton 'yan'uwansa shi ne ji6 ng5 zai2 (二五仔), ɗan biyu da biyar. Wata ruwaya ta ce biyu da biyar bakwai ne, kuma ana nuni ne ga almajiri na bakwai da ya ci amanar gidan ibada na Shaolin, amma wannan labarin baka ne.

Yanke abota ɗungurungum shi ne got3 zik6 (割席), yanka tabarma. Labarin yana cikin wani tarin hikayoyi na ƙarni na 5. Guan Ning da Hua Xin suna karatu a kan tabarma ɗaya, sai wani babban mutum ya wuce a keken doki. Hua Xin ya ajiye littafi ya fita kallo, da ya dawo sai ya tarar abokinsa ya raba tabarmar biyu. Kalmar ta sake tashe a zanga-zangar Hong Kong ta 2019, inda masu zanga-zangar suka riƙa cewa ba za a yanka tabarma ba, ma'ana ba za su yi hannun riga da juna ba duk da saɓanin da ke tsakaninsu.

Inda mai koyo yake tuntuɓe

Akwai al'adar soeng5 kai3 (上契), inda ake ƙulla dangantakar uba da ɗa ko wa da ƙane tsakanin waɗanda ba jini ɗaya ba, da miƙa shayi da kyauta. Daga nan ake samun kai3 je4, uban ƙulli, da kai3 maa1, uwa, da kai3 go1, wa. Mai koyo zai zaci ƙane shi ne kai3 dai6 (契弟), tunda dai6 ƙane ne. Wannan kalma zagi ce mai muni, tana iya tayar da faɗa. Abin da ake cewa shi ne kai3 sai3 lou2.

Sai matsalar matsayi. Sei2 dong2 da saa1 bou1 hing1 dai6 na sa'o'i ne. Mai kanti ko mai masana'anta lou5 sai3 (老細) ake ce masa, kamar a ce maigida ko Alhaji, wanda ya girme ka kuma daai6 lou2 (大佬) ko a haɗa sunansa da go1. Ita kuwa pang4 jau5, da takwararta ta Mandarin pengyou, a kasuwa kiran mai wucewa ce kawai. Abin da ya faru da kalmar aboki a kudancin Najeriya, inda ta zama sunan kowane ɗan Arewa har wani lokaci da raini, ya isa misali na yadda kalmar abota take rasa nauyinta a bakin titi.

Alaƙa da kasuwancin Hausawa

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 'yan kasuwar Afirka ta Yamma suka yawaita a Guangzhou, musamman a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli. Birnin ne yake karɓar baje kolin Canton, wanda aka fara a 1957 kuma ake yi sau biyu a shekara, kuma a nan Masallacin Huaisheng yake, ɗaya daga cikin tsoffin masallatan ƙasar Sin. A Hong Kong kuma ginin Chungking Mansions ya daɗe yana zama masaukin masu sarin wayoyi. Atamfa da shadda da takalma da wayoyi da kayan gyaran babur da ake saro wa suna sauka a kasuwannin Kano irin su Kantin Kwari da Sabon Gari da Farm Centre, daga nan su bi hanyar Daura zuwa Kazaure da Roni da Gwiwa, ko su nufi Babura da ke kusa da iyakar Nijar. Wani babban ɓangare na wannan ciniki a kan amana yake tafiya: mai shago a Kazaure yana karɓar kaya bashi daga dila a Kano, shi kuma dilan ya tura kuɗi ga wakili ko mai masana'antar da ba lallai su haɗu ba sai sau ɗaya ko biyu a shekara.

Cinikin kansa ba da Kantonis ake yawan yin sa ba. Masanin harshe ɗan Gana, Adams Bodomo, a littafinsa Africans in China na 2012, ya bayyana yadda ake ciniki da na'urar lissafi da ishara da guntun Turanci. Masu shaguna da yawa a Xiaobei baƙi ne daga wasu larduna, ciki har da Musulmin Hui da Uyghur, kuma Mandarin suke yi. Kantonis yana fitowa ne idan harka ta kai ga 'yan asalin gari, ko masana'antun tayil na Foshan da na kujeru a Shunde, ko Hong Kong. Masu harshen suna kishinsa. A watan Yulin 2010 mutane sun fito titi a Guangzhou don nuna adawa da shawarar rage shi a talabijin. Saboda haka baƙon da ya iya jefa magana ɗaya daidai wurinta yakan ga fuska ta sake.

Duk da yabon halacci, harshen bai yarda a cakuɗa zumunci da lissafi ba. Ana cewa jan4 cing4 waan4 jan4 cing4, sou3 muk6 jiu3 fan1 ming4 (人情還人情，數目要分明): alheri daban, lissafi kuma dole ya fito fili. Ɗan kasuwar da aka kira lou5 jau5 aka kai shi shan shayi zai iya jin wannan jimla daga bakin mutumin nan ɗin ranar biyan kuɗi, kuma ba alamar ɓatawa ba ce.

Hanyoyin koyo

Cibiyoyin Confucius da ke Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Awka da Jami'ar Legas Mandarin suke koyarwa, haka ma darussan Sinanci na sashen Hausa na gidan rediyon ƙasar Sin, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1963. Mai son Kantonis yakan bi ta Turanci ne. Robert Morrison ya buga ƙamus na harshen tun 1828, Stephen Matthews da Virginia Yip kuma suka fitar da littafin nahawunsa a 1994. A intanet akwai ƙamus ɗin words.hk da aka fara a 2014, wanda yake bayyana kalmomin da Kantonis ɗin kansa da kuma Turanci. A wannan shekarar ce kuma mai zane ɗan Hong Kong, Ah To, ya fitar da wani zane guda da ya tattara karin magana 81 na harshen, yana koyi da zanen da Pieter Bruegel ya yi na karin maganar Holan a 1559.